Namadi Ɗan-gefe da Ƙofar Mutanen Sama

Ku gyara zama, amma ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba, domin mai labarin yana nan da ransa. Sunansa Namadi, mai gadi ne a gidan da ma'aikatan lafiya ke zaune a bayan tashar Anka. Dogo ne, siriri, furfurarsa a gemu kaɗai ta tsaya, kuma duk unguwar ba a kiransa sai da laƙabinsa, Ɗan-gefe. Dalili kuwa, ba wanda ya taɓa ganinsa tsaye a tsakiyar ƙofa. Ko ƙofar shagon tela ce, sai ya raɓe ta dama, ya juya kafaɗa, ya yi sallama yana kallon ƙasa. Har ƙofar da aka ɗauke shi ya tsare, daga gefe yake tsaron ta.

Abin gado ne. Ubansa, Malam Haladu na Dareta, manomi ne wanda bai bar wa 'ya'yansa komai ba sai gona ɗaya, jaki ɗaya, da magana biyu da ya riƙa cusa musu a kunne, wani lokaci har da ranƙwashi. Ta farko: "Ƙohwar mutane ba madubi ba ta, kak ka tsaya gabanta kana dubawa." Ta biyu: "Sallama uku ta. In ba a amsa ba, an amsa. Juya ka tahi gida." Namadi ya riƙe su kamar karatun sallah.

Shi ne ɗan fari, kuma kun san halin iyayenmu mata da ɗan fari, balle Inna da ta tashi gida a jikin gida da Fulani. Ba ta taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. "Wanga" take cewa, ko "yaron can". In za ta ba shi tuwo, sai ta ajiye ƙwarya ta gaya wa bango cewa ga abinci nan in da mai ci. Ƙanensa Sahabi shi ne ɗan lele, shi ake kira da suna, har da kirari.

To, sai zinariya ta yi daraja, Dareta duk ta zama mahaƙa. Namadi ke shiga rami, Sahabi ke kan injin niƙa, wanda a da masara yake ci, yanzu ya koma cin dutse. Namadi ne ya ce a daina barin buhunan dutsen a waje saboda masu ɗan hali, a shigo da su tsakar gida. Shi ya shigo da su da jakin gado. A nan aka daka, a nan aka shanya, ƙura ta kwanta a ƙasar da yara ke rarrafe. A shekarar dubu biyu da goma yara suka fara shiɗewa gida-gida. Kafin likitoci su zo su ce gubar dalma ce ke cikin dutsen, an riga an kai Ummukulsum makwanci, ɗiyar Sahabi da matarsa Saude, ko yaye ta ba a yi ba.

Ba wanda ya ce wa Namadi uffan. Da ma an faɗa, da ya fi. Bayan sadakar arba'in Sahabi ya ɗaure kaya, ya ɗauki Saude da Inna ya koma Nasarawa Burkullu, can ƙasar Bukkuyum, inda dangin Saude suka ba shi gona. Namadi ya tsaya. Da masu kankare gurɓatacciyar ƙasa suka zo, suka ɗauke shi aiki, kuma ba a yi kwana uku ba suka gane amfaninsa. Maza ne baƙi da shebur da baro, ga gidajen da ba a shiga. Sai a tura Namadi gaba. Ya raɓe, ya yi sallama, ya jira mai gida, ya yi bayani a hankali, mata su shige ɗaki, sannan a shigo. Gidan da ya ƙi kowa, ba ya ƙin Namadi. Nan laƙabin ya kama shi.

Da aikin ya ƙare, ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ya hau kabu-kabu ya tafi Nasarawa Burkullu. Aka nuna masa gidan. Ya ga takalmin Sahabi a zaure, ya ji ana daka a ciki. Ya raɓe ta dama ya yi sallama. Sai taɓarya ta tsaya cak. Ya sake. Shiru. Ya yi ta uku. Kaza ce kawai ta fito ta dube shi da ido ɗaya. In ba a amsa ba, an amsa. Ga mai babur bai ko kashe injin ba, sai ya juya ya hau, suka kama hanya.

Shekara shida ke nan. Ya kwashe iyalinsa ya dawo Anka, ya sami gadi. Bai koma ba, ba a kuma aiko ba.

Yanzu bari in kawo muku Habila. Mutumin kudancin Kaduna ne, gajere mai dariya da yawa, aikinsa gwajin jini. Ya daɗe a Gummi kafin a dawo da shi Anka, matarsa Dinah ma tana can tana koyarwa. Namadi na kiransa Mai-jini, shi kuma yana cewa Baba Namadi. Ran Lahadi in ya dawo daga coci ya ci abinci, ɗaki ya yi zafi, sai ya fito da kwamfutarsa baranda, dab da bencin mai gadi, ya kunna wani wasa da ƙanen matarsa ya zuba masa.

Wasan kuwa ga yadda yake. Kai ne ɗan sama jannati, an ba ka kumbo, kana yawo daga wannan duniya zuwa waccan. A allon kana ganin ɗan mutuminka ta baya, sanye da farar riga mai kumburi da ƙoƙon gilashi a kai, kana tafiyar da shi da maɓallai. Habila ya ratsa duniyoyi huɗu lafiya lau, sai ya sauka a ta biyar, mai jan ƙasa da ƙaramar rana, ya tarar da wani tsohon gari na waɗansu halittu da suka daɗe da ɓacewa. Ganuwa ta zube, ɗakuna ba rufi. A tsakiya akwai gini ɗaya da bai faɗi ba, da ƙatuwar ƙofa ta baƙin dutse, an yi mata wani abu kamar ido a tsakiya. Gaban ƙofar fili ne, da duwatsu uku a tsaye, kowanne in ka taɓa shi sai ya yi amo irin nasa. Can baya kuma wani dogon ginshiƙi. Sai an buɗe ƙofar ake wucewa gaba. Mako uku Habila na nan.

Ya taɓa duwatsun daga dama, ya taɓa daga hagu, ya fara da na tsakiya. Kowane karo sai ya ruga da ɗan mutumin gaban ƙofa, ya tura, ya yi tsalle, ya harba mata wuta, ya tsaya jim kaɗan, ya yi tsaki, ya koma ya sake taɓa duwatsu. An ce masa ana samun amsa a intanet. Ya ce wannan satar amsa ce, shi kuma ko a makaranta bai yi ba, ko da yake masu sharri sun ce sabis ne ba ya kamawa a barandar.

Namadi tun yana kallo ta wutsiyar ido har ya jawo benci.

"Mai-jini, wanga kufai na su wa ne?"

"Mutanen wata duniya ne, Baba. Can sama, bayan taurari."

"Aljannu?"

"A'a. Mutane ne irin nasu. Hannu huɗu gare su, ga zanensu a bango."

"Hannu huɗu. Lalle sun ji daɗin noma. Mi yak kore su?"

"Abin da nake so in sani ke nan. Amsar tana bayan ƙofar nan."

Namadi ya daɗe yana duban zubabbun ɗakunan. Ya ce ga inda rumbunsu yake, ga ɗakin girki can tunda bangon ya yi baƙi. Habila ya ce mai zanen wasan ne kawai ya ga dama. Namadi ya ce to mai zanen ya taɓa ganin kufai.

Ran wata Juma'a, lokacin kaka, gero ya nuna, sai ga Atiku ɗan kabu-kabu, wanda ke bin hanyar Bukkuyum har Gummi, ya tsaya a ƙofar gidan bayan an sauko masallaci. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar jaki da ya mutu tuntuni. Sannan Atiku ya dubi tayar babur ɗinsa ya ce Inna ta faɗi a bayan ɗaki makon jiya. Ta tashi, amma ƙafa ɗaya ta ƙi, abinci kuma sai an matsa mata. Ya ce tsufa ne dai, amma shi in shi ne, ba zai jira rani ba.

"An ce in zo?" in ji Namadi.

"Ba a ce ba. Ni ma ba aiko ni anka yi ba."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya koma benci. Ku fahimce shi: ba ƙi yake yi ba. A wurinsa an riga an ba shi amsa shekara shida da suka wuce, kuma mutumin kirki ba ya komawa ƙofar da aka hana shi sai an kira shi. Inna kuwa ba za ta taɓa aikawa a kira mata ɗan fari ba, ko tana kan gargara. Sahabi bai aiko ba. Haka abin ya tsaya, kowa na riƙe da mutuncinsa, tsohuwa na ƙarewa a tsakani.

Ran Lahadi bayan la'asar Habila ya fito da kwamfuta. Ya taɓa duwatsu, ya ruga, ya tura, ya harba.

Namadi ya ce, "Kai dai ba ka da ladabi."

"Ni, Baba?"

"Kai. Mako uku ina kallon ka. Ka zo gidan mutane, ba sallama, ka tsaya musu tsakiyar ƙohwa kamar mai karɓar haraji, kana harbi. Ko ni na ciki ba ni buɗewa."

Habila ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Baba, sun mutu shekara dubu dubu! Ba kowa a ciki!"

"Kufai ma da masu shi. Ba ka ga ana sallama a maƙabarta ba?"

"To bismilla, ga wuri. Zo ka nuna mana ladabin Dareta."

Ya juya masa kwamfutar. Namadi ya goge hannu a riga kamar zai ɗauki jariri. Bai taɓa danna komai ba sai wayarsa mai tocila. Habila ya nuna masa: wannan gaba, wannan dama, wannan hagu, wannan taɓawa. Ɗan mutumin ya yi ta karo da bango kamar ɗan akuya a kasuwa, Habila na hawaye don dariya, har dai aka isa dutse na farko. Namadi ya gyara murya.

"Salamu alaikum."

Ya danna. Dutse ya yi amo mai kauri.

"Wa alaikumus salam, Alhaji, shigo, tuwon taurari ya nuna," in ji Habila da ƙaramar murya.

Namadi bai kula shi ba. Ya je na biyu, ya yi sallama, ya danna. Ya je na uku, haka. Sannan ya tura ɗan mutumin wajen ƙofa, amma bai kai shi tsakiya ba. Ya yi ta fama da maɓallin dama har ya raɓe shi a jikin bango, kafaɗa ga ƙofa. Ya ɗauke hannu, ya jira gwargwadon yadda yake jira a ko'ina, wato kamar mutum ya sha ruwa ya ajiye moɗa.

Ba abin da ya motsa.

"Ka gani?" in ji Habila.

"Na gani. Uku ta cika. Ba su son baƙi. Mu tahi."

Daidai nan wayar Habila ta yi ƙara. Dinah ce daga Gummi, kuma duk Anka an san in Dinah ta kira, Habila tashi yake tsaye. Ya nufi gindin darbejiya inda sabis ke kamawa, yana cewa, "Mama, ina ji, ina ji."

Aka bar Namadi da kwamfuta. Yana so ya juya ɗan mutumin ya bar ƙofar mutane, amma ba a nuna masa maɓallin baya ba. Ya duba, ya zaɓi wani a ƙasa, ya danna. Sai ɗan mutumin ya tsugunna. Ya sake danna na kusa da shi, ba abin da ya faru. Ya ji tsoron kada ya ɓata wa yaro na'ura, sai ya naɗe hannu a cinya. Ga ɗan sama jannati tsugune a gefen ƙofa, ga mai gadi zaune a benci, kowanne ya rasa yadda zai tafi.

Da yake ba abin yi, sai ya kalli filin. A nan ya lura da abin da mai gaggawa ba zai gani ba. Ginshiƙin nan na baya, wata 'yar kafa ta buɗe a samansa, hasken ƙaramar ranar ya ratso ta ciki ya sauka ƙasa, ɗigo ɗaya kamar kwabo. Kuma ɗigon tafiya yake yi. A hankali, a hankali, kamar tsohuwa mai bin bango. Ya ratsa tsakanin duwatsu. Ya tsaya kamar zai fasa, ya ci gaba. Ya hau dakalin ƙofa, daidai wurin da ɗan mutumin Habila ke tsayawa kullum ya tare shi da bayansa. Yau ba kowa a wurin. Ya hau jikin ƙofar, ya yi sama, ya faɗa cikin idon nan.

Kwamfuta ta yi wani gurnani, ƙasa ta girgiza a allo, ƙofa ta rabu biyu.

"Wa alaikumus salam," in ji Namadi a hankali, shi da kansa ya amsa musu. Sannan ya ɗaga murya: "Mai-jini! An ce mu shigo!"

Habila ya zo da gudu, waya a kunne, Dinah na ta magana ita kaɗai. Ya tsaya baki buɗe. Ya ce me ka danna? Namadi ya ce shi bai danna komai ba, ɗan mutumin ne ya tsugunna ya ƙi tashi. Ya nuna masa ɗigon haske. Habila ya dafe kai.

"Haske ne! Duwatsun ke buɗe kafar, haske ya zo ya taɓa idon. Ni nake tare shi da jikina! Kuma duk lokacin da na koma na sake taɓa dutse, sai ya koma farko. Mako uku, Baba!"

"Kai ka ce haske. Ni na ce ladabi."

Suka shiga. Kun san abin da ke bayan ƙofar? Wani ɗan ɗaki ne mai duhu, babu komai, sai wata ƙofar a gaba, rufe, da zane iri dabam. Habila ya yi ƙara kamar an taka shi. Namadi kuwa ko a jikinsa. Ya ce ai zaure ne, kuma gidan mutunci ba ya rasa zaure biyu, wa ya taɓa faɗawa tsakar gida daga titi?

Can ya ce, "Wanga haske, yaushe yat taso?"

"Tun da ka taɓa dutse na uku."

"Ashe lokacin da nic ce mu tahi, shina hanya."

"Yana hanya mana. Da ka san maɓallin baya, da har yanzu muna waje."

"Minti nawa ya yi?"

Habila ya ce zai kai huɗu, ko biyar. Namadi ya gyaɗa kai, ya tashi ya ɗauki buta, don an kusa kiran magariba.

Ran Talata da sassafe ya bar wa wani maƙwabci ƙofa, ya hau bayan Atiku. Hanyar ƙasa ce, ruwan bana ya cinye ta wuri-wuri, sau biyu suna sauka su tura. Ko'ina gero ne a tsaye, wasu sun fara yanka. Da hantsi suka isa Nasarawa Burkullu. A bakin lungun Namadi ya sauka ya ce wa Atiku, "Tahi abinka. Kak ka dawo sai la'asar."

"In ba a amsa ba hwa?"

"Shi ya sa nic ce ka tahi."

Babur ya tafi, ƙararsa ta ɓace. Gidan na nan yadda yake, sai dai an yi wa zauren sabon yaɓe. Ba takalmi a ciki. Ana daka. Ya raɓe ta dama, kafaɗa ga ƙofa.

"Salamu alaikum."

Taɓarya ta tsaya.

Ya yi ta biyu. Ya yi ta uku. Shiru, irin na wancan karo, har kazar ma kamar jikar waccan ce. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta za ta juya, shekara hamsin ta saba. Sai ya tuɓe takalmi, ya tsugunna a jikin bango.

Ya sha ruwa ya ajiye moɗa a zuciyarsa sau ɗaya, sau biyar, sau goma. Wata mai tallan nono ta wuce ta dube shi. Inuwar bango ta ja baya ta bar masa yatsu a rana. Sannan, can ciki, ya ji wani abu. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Sanda ce a kan busasshiyar ƙasa, da jan ƙafa a bayanta. Ta tsaya kamar ta fasa. Ta ci gaba.

Ɗakin Inna shi ne na ƙarshe a gidan, bayan rumbuna, bayan turken awaki. Ta fito zaure tana dafe da bango da hannu ɗaya, ta ƙanƙance kamar an wanke ta ta shige. Saude na bayanta, taɓarya har yanzu a hannu. Inna ba ta dubi inda yake ba. Ta dubi Saude.

"Saude, duba mini, wanga baƙo ya tsaya yau, ko ya hau iska kamar wancan karo?"

Saude ta sauke kan taɓarya ƙasa.

"Wancan karo ma na ji shi," in ji Inna, har yanzu da Saude take. "Tun ta hwarko na ji. Ina sallar walaha, na sallame, na taso. Kahin in kawo zaure, sai ƙeyatai nig gani a kan babur, bakin lungu. Da mi zan kira shi? Ni dai ban da sunan da zan kira shi da shi. Sahabi kuma, injin dutse ya cinye mai kunne, yana kwance nan ɗakin kusa bai ji komi ba. Da anka gaya mai, sai yac ce wanda ya zo har ƙohwa bai iya jira ba, ba zuwa ya yi ba."

Namadi na tsugune, kansa a ƙasa.

"Uban wasu ya koya musu ƙirga uku," in ji Inna. "Bai koya musu auna tsakar gida ba. Shi ɗakinai a zaure yake, Allah shi jiƙan shi, mi ya sani?"

Ta numfasa, ta gyara riƙon sanda.

"Ke kuma kin ji shi ran nan, kin ji shi yau. Ni ba ni amsa mai, kin sani. Sallama kuwa ba a barin ta a ƙasa. Tana nan tun bara waccan da waccan, a bakin ƙohwarki."

Saude ta daɗe. Ita ce uwar Ummukulsum, kuma muryar da ta ji a ƙofa ita ce muryar da ta ce a shigo da buhuna. Ba wanda ya matsa mata, Inna ma bango take kallo. Ta jingina taɓarya a jikin zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Wa alaikumus salam," in ji ta. "Shigo, Yaya. Rana na dukan ka."

Ya ɗauki takalminsa a hannu ya shiga, ta gefe.

Sahabi na gona, sai azahar ya dawo. Ya tarar da wansa zaune a ƙofar ɗakin Inna, ga ƙwaryar fura a gabansa wadda aka gaya wa bango cewa ga ta nan in da mai sha. Ya tsaya ya dube shi. Ba a rungumi juna ba, ba a yi kuka ba, kada in ƙara muku gishiri. Sahabi ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa: "Ka iya yankan gero har yanzu, ko gadi ya kashe ma hannu?" Namadi ya ce a ba shi lauje a gani. Da Atiku ya dawo da la'asar, sai aka ce masa ya zo jibi.

Inna ta ƙara wata goma sha ɗaya a duniya. Duk mako biyu Namadi na zuwa, ya raɓe, ya yi uku, ya tsugunna, ko da ƙofa a buɗe take kuma an san da zuwansa. Har ta rasu ba ta kama sunansa ba. Saude ce ta faɗa daga baya cewa duk ranar zuwansa, tun da asuba tsohuwar ke sa a kai mata tabarma kusa da zaure, wai ɗakinta ya cika zafi.

Namadi yana nan a bencinsa a Anka. Abu ɗaya ne ya canja: in baƙo ya yi sallama a gidan ma'aikata bai ji amsa ba ya juya, Namadi kan ce masa, "Dakata kaɗan, gidan da zurhi." Habila kuwa an mai da shi Gummi kusa da Dinah, da kwamfutarsa. Labarin da Atiku ya kawo na ƙarshe, wai Habila ya wuce zaure na biyu da na uku, amma har yau bai gano abin da ya kori masu hannu huɗu ba. Namadi ya ce a gaya masa ya bi a hankali, gidan mutane ne.

Nan na tsaya, ni ma daga gefe.